Bawul ɗin Amfilifaya: Tsohuwar Ajiya ko Sabuwar Ƙira?

Wanda ya taɓa leƙa bayan tsohon rediyogiram da daddare, irin wanda manyan ma'aikatan En'e da attajirai ke girkewa a falo a shekarun 1950 da 1960, ba zai manta da 'yan kwalaben nan da ke jere a ciki suna haske ja-ja ba. Su ne bawul. Kafin taransista ta bazu, duk muryar da ta fito daga akwati ta cikinsu take bi: labaran Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, shirye-shiryen Rediyon Kaduna tun daga 1962, da faya-fayen garmaho na su Shata da Ɗan Maraya. Sai ƙaramar rediyo mai batir ta zo, wadda manomi zai rataya a reshe yana noma yana saurare, ta tura babban akwatin ɗakin shirgi. Daga can da yawa suka faɗa hannun 'yan gwangwan, aka farfasa su saboda jar wayar da ke cikin taransifoma.

Duk da haka bawul bai bar duniya ba. A Japan da Amurka da Turai da Sin akwai mayun sauti da suka kafe a kan cewa babu abin da ke fito da muryar ɗan Adam da zaƙin tsirkiya kamar amfilifaya mai bawul, kuma suna zuba mata dubban daloli ba ko ɗar. McIntosh MC275, wadda aka fara ƙerawa a 1961, har yau ana yin ta ana sayarwa. Tsofaffin Quad II da Leak Stereo 20 na Ingila, da Dynaco ST-70 ta Amurka, farautarsu ake yi. A nan gida ma ba a rasa wanda ya gaji ta mahaifinsa, ko wanda ya tsinto ta cikin kayan gwanjo a Alaba ta Legas ko a Panteka ta Kaduna.

Abin da ke haɗa su duka shi ne bawul yana tsufa. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. A tsakiya akwai siririyar waya mai ɗaukar zafi, tana gasa wani ɗan bututu da aka shafe da hodar sinadarai, shi kuma yana feso ƙwayoyin lantarki. Ƙwayoyin suna rugawa zuwa ga wani farantin ƙarfe da ke kewaye da bututun, wanda aka ɗora wa wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. Tsakaninsu akwai 'yar raga ta waya, ita ce ƙofa. In 'yar siginar da ta taso daga allurar garmaho ta taɓa ta, sai ƙofar ta buɗe ko ta tsuke daidai da rawar muryar, ƙaramin sauti ya zama babba. Hodar nan ita ce ran bawul, kuma ƙarewa take yi. Manya masu tura lasifika, su EL34 da KT88 da 6L6, sukan yi sa'o'i 2,000 zuwa 'yan dubbai. Ƙananan gaba, irin 12AX7 wanda a Turai ake kira ECC83, sukan kai 10,000 har su wuce.

To in ya mutu, da me za a musanya shi? Kasuwa biyu ce. Ta farko ita ce tsohuwar ajiya, wato bawul da aka ƙera tun zamanin da masana'antar ke tashe, aka ajiye a rumbunan soja da na gidan waya da na gidajen rediyo ba a taɓa kunna su ba. Ta biyu kuwa sabuwar ƙira ce daga 'yan masana'antun da suka rage. Ba a garuruwanmu aka fara wannan gardama ba, amma ina so in auna ta da ma'aunin Birnin Gwari, domin hujjar da ta tsaya da ƙafarta a Tokyo ba lallai ta tsaya a garin da ke da nisan kimanin kilomita 120 daga Kaduna ba, a kan hanyar da ta ratsa daji, wadda aka yi shekaru ana bin ta da rakiyar jami'an tsaro.

Abin da masu tsohuwar ajiya ke cewa

Su dai ba su da wata magana da ta wuce cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma suna da tarihi a bayansu. Masana'antar Mullard da ke Blackburn a Ingila, wadda aka buɗe a 1938, ita ke narka gilashinta, ita ke jan wayarta, da dubban ma'aikata da ɗakunan gwaji. Haka Telefunken a Jamus, Philips a Holan, RCA a Amurka. A wancan zamanin bawul ba kayan nishaɗi kaɗai ba ne. Shi ke cikin na'urar hango jiragen yaƙi, shi ke cikin layukan tarho, shi ke cikin manyan na'urorin watsa shiri na gajeren zango. Kwamfutar ENIAC da aka nuna wa duniya a 1946 tana ɗauke da kusan 18,000. Idan bawul ya mutu a jirgin sama rai ne ke tafiya, saboda haka gwamnatoci suka kafa wa masu ƙira sharuɗɗa masu tsanani, suka kuma biya kuɗin binciken. Akwai nau'o'i irin E88CC da aka yi musamman don su kai sa'o'i 10,000.

Misalin da suka fi so shi ne wayar tarho ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atilantika a 1956, daga Sikotilan zuwa Kanada. An binne bawul a cikin na'urorin ƙara murya da ke jikin wayar, can ƙasan teku inda babu mai zuwa gyara. Aka yi ta aiki da ita har 1978, shekara 22, ba tare da ko ɗaya ya mutu ba. Suka ce a nuna musu wata masana'anta ta yau da za ta yi wannan alkawari.

Sai kuma batun dacewa. Lokacin da Peter Walker ya tsara Quad II a farkon shekarun 1950, KT66 na kamfanin GEC ne a gabansa, da shi ya auna komai. Wanda ya sa wani abu daban mai lamba iri ɗaya, a ganinsu, ba muryar da mai ƙirar ya nufa yake ji ba. Suna kuma jan kunnen mai saye kada suna ya ruɗe shi. Masana'antar RCA ta Harrison ta rufe a 1976, Blackburn ta daina yin bawul a farkon shekarun 1980, ta GEC ta bi sahu a 1988. Sabon kwalin da aka rubuta wa Mullard ko Tung-Sol ko Gold Lion a yau galibi daga Saratov ta Rasha ya fito, domin wani kamfanin Amurka, New Sensor, ne ya sayi sunayen. Ba zamba ba ce, a fili ake yi, amma sunan ne kawai ya yi ƙaura. Injinan da hannuwan da sirrin haɗa hodar ba su bi shi ba.

Game da sauti kuwa bakinsu ba ya gajiya. Mullard yana da taushi da kauri a tsakiyar murya, Telefunken yana da tsabta da faɗi, na Holan yana da haske a sama. Mai sauraron kukuma ko gurmi, inda duk daɗin ke cikin 'yar ƙarar tsirkiya da numfashin mawaƙi, a nan ne zai gane bambancin, in ji su.

A kan Birnin Gwari ma suna ganin hujjar tasu ta fi ƙarfi. Mutumin da kowane saƙonsa sai ya biyo jirgi zuwa Legas ko Kano, ya biyo mota zuwa Kaduna, sannan ya shiga hannun direban tasha ya keta Buruku da Udawa, ai shi ya fi kowa buƙatar abin da zai sa sau ɗaya ya manta da shi shekara goma.

Abin da masu sabuwar ƙira suka mayar

Ba su musa ingancin Blackburn ba. Tambayarsu ita ce: wa ya ce abin da ke cikin kwalin da aka aiko maka na Blackburn ne, kuma wa ya ce ba a taɓa kunna shi ba? An fi shekara arba'in ana tsince rumbunan nan. Na kirkin sun daɗe da shiga hannun manyan dillalai da masu tarawa. Abin da ke yawo yanzu ya haɗa da wanda aka cire daga tsohuwar talabijin aka goge shi, da wanda ya faɗi gwaji tun asali aka ture gefe, da wanda aka wanke masa rubutu aka buga masa tambarin Telefunken. Gardamar motar Kwatano da sabuwa ce dai ta dawo: kowa ya yarda tsohuwar ƙirar ta fi ƙarfin jiki, sai dai ba ka san hannu nawa ta bi ba, kuma an iya mayar da mitarta baya.

Akwai alamomin gane na gaske. Telefunken na asali yana da 'yar alamar lu'ulu'u da aka zuba a jikin gilashin, a gindi tsakanin ƙafafu. Mullard da Philips suna da wasu ƙananan haruffa da aka ƙona a ƙasan kwalbar, masu nuna masana'anta da lokacin ƙira, inda harafin B ke nufin Blackburn. Amma wannan aikin wanda ya riƙe abin a hannu ne, da madubin ƙara girma. Mai saye daga Birnin Gwari hoto kawai zai gani a waya, ya tura kuɗi, ya zauna jira. Cinikin biri a sama kenan. In kaya ya iso ba daidai ba, wa zai kama? A ƙarshen Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari, aka yi kusan wata biyu a haka. Wanda saƙonsa ya faɗo cikin irin wannan lokaci ko ƙorafi ba shi da hanyar aikawa.

Ko alamar ta tabbata ma, ba ta faɗin sauran ƙarfin da ke cikin bawul. Wannan sai na'urar gwaji, irin su Hickok ko AVO, su ma tsofaffi ne da ke buƙatar a daidaita su, kuma da yawansu ba sa ɗora wa bawul wuta mai ƙarfin da zai tarar a cikin amfilifaya. Sai dillali ya rubuta maka cewa an gwada lafiya lau, ka sa shi a wuta mai bolt 450 ya fara tartsatsi.

Babbar hujjarsu tana kan manyan bawul. Yawancin amfilifaya bibbiyu suke aiki da su, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kuma dole ƙarfinsu ya zo ɗaya. In ɗaya ya fi jan wuta, sai gurnani ya shiga lasifika, taransifoma ta wahala, shi kuma mai jan ya riga ɗan'uwansa mutuwa. MC275 tana cin KT88 huɗu, ST-70 tana cin EL34 huɗu. Samun tsofaffin GEC huɗu da ba a taɓa ba, masu ƙarfi ɗaya, abu ne mai wuyar gaske, in an samu kuma kuɗinsu na iya tasam ma kuɗin amfilifayar kanta. Na JJ da ake yi a Silobakiya, ko na Saratov, ko na Psvane ta Sin, ana auna su a haɗa maka huɗu 'yan daidai, da alkawarin musanya in sun mutu da wuri. A ƙananan ma tazarar ba kaɗan ba ce: sabon 12AX7 bai fi dala 20 zuwa 30 ba, tsohon Telefunken na ƙwarai yana ninka haka sau biyar ko goma. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, kowace dala ɗaya magana ce.

Labarin wayar teku kuwa, suka ce, gaskiya ne amma ba a wurinsa aka kawo shi ba. Waɗancan bawul na musamman ne, an zaɓe su ɗaya-ɗaya, an kuma lallaɓa su da wuta kaɗan a cikin sanyin da ba ya canzawa. Ba su da dangantaka da wanda aka yi miliyoyinsa don talabijin ɗin gida. Kuma ba duk sabo ne na araha ba. Western Electric ta dawo da yin shahararren 300B, wanda ya fara fitowa a 1938, a garin Rossville na Jihar Jojiya, tana sayar da biyu kusan dala 1,500 da garantin shekara biyar. Ana iya yin mai inganci a yau, in akwai mai biya. Wanda ke sayen sabo shi ke riƙe da masana'antun nan a raye. Wanda ke sayen tsoho kuwa rage abin da ba zai ƙaru ba yake yi.

Zagaye na biyu

Nan masu tsohuwar ajiya suka samu ƙofa. Masana'antun da ake tinƙaho da su nawa ne? Ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Shuguang ta Sin, wadda ta fi kowa yawan fitarwa, ta tsayar da aiki a 2019. A Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, Rasha ta sanya takunkumin fitar da wasu kayayyaki, labari ya bazu cewa har da bawul, cikin 'yan kwanaki shaguna a Amurka da Turai suka zama wayam, farashi ya yi sama. Daga baya kaya ya ci gaba da fitowa, amma kowa ya ga yadda igiyar take da siranta. Sannan garanti ba ya hana mutuwa: sanannen abu ne a tsakanin masu gyara cewa sabon bawul, in zai ba da matsala, a makonnin farko yake bayarwa, kuma mayar da shi Turai daga yammacin Kaduna ya fi kuɗinsa tsada.

Suna da wata hujja kuma da ta fi burge ni, domin ta gida ce. Suka ce wa ya ce sai an yi odar tsohuwar ajiya daga waje? Rediyo da rediyogiram na Grundig da Philips da Pye da suka shigo Arewa kafin 'yancin kai da bayansa, cike suke da ECC83 da EL84 da EF86 na asali. Babu wanda ya yi jabunsu, saboda lokacin da aka sa su babu ribar yin jabu. Tsofaffin masu gyaran rediyo a Kaduna da Zariya da Funtuwa da Kano kan ajiye irin waɗannan a gwangwani ko a aljihun tebur, ƙura ta rufe su, babu mai tambaya. Abin da wani a Osaka zai biya dala ɗari a kansa, a nan ana iya fasa shi da guduma don a kai ga taransifoma.

Ɗaya ɓangaren bai bar wannan ta wuce ba. Waɗannan ai ba ajiya ba ce, saura ne. Sun yi shekaru suna aiki a ɗakin kwano, sun sha zafin bazara da danshin Agusta, ƙafafunsu sun yi tsatsa. Akwai dubawar ido da kowa zai iya yi: a saman kwalbar ko gefenta akwai wani shafi mai ƙyalli kamar madubi, wanda aikinsa shanye ragowar iska, in ya koma fari fat, iska ta shiga, bawul ya gama. Amma wanda shafinsa ke ƙyalli ma yana iya ɓoye gajeriyar hanya a ciki. In ƙarami ne, abin da zai jawo bai wuce ƙara ko shiru ba. In babba ne, yana iya tafiya da taransifomar fitar da sauti, ita kuwa ita ce zuciyar amfilifaya, kuma ba a samun irinta a kasuwar Sabon Gari.

Wutar da za a ba shi

Duk wannan cacar baki an gina ta ne a kan zaton cewa soket zai ba da wuta tsayayya, dare da rana. A nan ne ma'aunin Birnin Gwari ya fi nauyi. Wayar da ke gasa bawul galibi bolt 6.3 take so, in an yi sama ko ƙasa da haka da yawa, rayuwarsa ce ke raguwa. Wutar da ke zuwa rabi, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, ita ce babbar abokiyar gabansa, domin lokacin kunnawa ne wayar mai sanyi ke shan bugu mafi tsanani. Ƙaramin janareta da ke hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi bai fi ta sauƙi ba. A Oktoban 2024, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Mando, yawancin jihohin Arewa sun yi kwanaki a duhu, balle garin da ke can cikin daji tsakanin Kamuku da Kuyambana. Ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan soket ɗin bawul, damina ta zo ta jiƙa ta, wuta mai bolt ɗari huɗu ta samu hanyar tsallake.

Kowane ɓangare ya ja wannan zuwa gefensa. Na farko suka ce tsohon ƙarfe ne ke jure irin wannan wahala, suna ba da misali da GZ34 na Mullard, mai mayar da wutar gida ta zama miƙaƙƙiya, wanda ya yi suna wajen daɗewa. Na biyu suka ce wuta in ta yi tsalle ba ta tambayar sunan masana'anta, gara ta ƙone na dala 40 da ta ƙone na dala 400.

Akwai ma mai magana ta uku a bakin ƙofa, wanda ke ganin duka biyun ɓata lokaci suke yi. Amfilifaya mai manyan bawul huɗu tana shan wat 150 zuwa sama da 200 ko da ba ta cewa uffan, yawancinsa zafi ne take zubarwa a ɗaki, a watan Afrilu kuwa. Ga mai sola da batir biyu wannan ba ƙaramin kashi ba ne, alhali 'yar amfilifayar zamani da ba ta fi tafin hannu ba za ta cika falo da batirin mota. Ba shi da laifi. Sai dai wanda ya riga ya kamu da son abin ba lissafin wat yake yi ba, don haka mu bar shi a bakin ƙofar.

Tankaɗe da rairaya

Wasu daga cikin iƙirarin nan ana iya auna su da mita, wasu kuwa sai da kunne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba. Abin da mita ke gani a fili yake: yawan shuuu da bawul ke yi in an yi shiru, yadda yake ɗaukar girgiza ya mayar da ita ƙara (ƙwanƙwasa shi a hankali da bayan fensir, za ka ji ƙarar a lasifika in yana da wannan ciwo), yawan ƙarin da yake yi wa sigina, da tsawon ransa. A waɗannan, ƙananan bawul na ƙwarai daga Blackburn ko Jamus ko Holan sun cancanci sunan da suka yi, musamman a kujerar farko, inda siginar allurar garmaho take da rauni kuma duk wani datti za a ninka shi har zuwa lasifika.

Batun taushi da haske da faɗi shi ne mai santsi. Tun 1927 Harold Black na Bell Labs ya gano dabarar ɗebo kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar a mayar da shi baya don ya gyara kuskurenta. Quad da Leak da McIntosh da Dynaco duk da wannan dabara suke aiki, kuma ɗaya daga cikin amfaninta shi ne ta danne bambancin da ke tsakanin wannan bawul da wancan. Masu ƙirar da gangan suka yi haka, don kada muryar na'urarsu ta dogara da kwalin da aka buɗe. A irin amfilifayar 300B mai wat takwas, wadda galibi ba ta da wannan dabara, halin bawul ya fi fitowa. Kenan amsar ta danganta da na'urar da ke gabanka.

Kunne kuma yana da nasa rauni. Kafin ka kashe, ka jira kwalba ta huce, ka cire, ka sa wata, ta yi zafi, mintoci sun wuce, kuma abin da kake kwatantawa da shi tuni ya zama tunani. In sabon ya ɗara tsohon ƙarfi ko da kaɗan ne, sai a ji kamar ya fi daɗi, alhali ƙara ce kawai ta ƙaru. Ga kuma kuɗin da aka kashe yana raɗa wa mutum magana. A 1985 Bob Carver ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile, ya daidaita amfilifayarsa mai taransista har ta kwaikwayi wata mai bawul mai tsadar gaske, suka yi ta saurare suka kasa rarrabe su da tabbaci. Wannan bai nuna cewa duk na'urori murya ɗaya gare su ba, ai sai da ya yi aiki kafin su zo ɗaya. Abin da ya nuna shi ne bambancin da ake ji yana da sababin da za a iya aunawa, ba wani sirri ne da ya mutu tare da ma'aikatan Blackburn ba.

Da za a ce in ba mutumin Birnin Gwari shawara, raba gardamar zan yi gida biyu. A manyan bawul ina tare da masu sabuwar ƙira: a sayi huɗu ko biyu da aka auna, daga dillalin da ke karɓar kayansa in sun dawo, a ƙara da na ajiya tun da sauran hanya. A ƙananan kuwa ina karkata ga tsoho, amma tsohon da aka riƙe a hannu aka gwada a cikin na'ura, irin na gwangwanin mai gyaran rediyo, ba na hoto ba. Kafin duka biyun akwai abin da ya fi su muhimmanci. Amfilifayar da ta shekara sittin, kafasitocinta ne suka fi yiwuwar lalacewa, kuma kafasita mai yoyo tana sa farantin sabon bawul ya yi jajir ya mutu cikin mintoci, a ɗora wa masana'anta laifi. A fara da canza su, a daidaita wutar da kowane babban bawul ke ja da mita, a sa fis daidai lambarsa ba waya ba, a sa sitabilaiza mai jinkirta dawowar wuta. Wannan kuma aikin mai gyara ne da ya san bawul. A ciki akwai bolt 400 zuwa 500, kuma suna nan maƙale ko bayan an zare soket. Yaron da ya saba da gyaran wayar hannu bai taɓa haɗuwa da irinsu ba.

Abin da ban yanke ba biyu ne. Na farko, ko mai kunnen ƙwarai, a kan na'urar da ba ta danne bambanci, zai iya gane Mullard na 1960 daga na Saratov in an rufe masa ido aka daidaita ƙara. Masu cewa suna ganewa ba 'yan kaɗan ba ne, cikinsu har da injiniyoyin ɗaukar sauti da suka ƙare rayuwarsu a wannan aiki, kuma ba na jin za a share su da hannu ɗaya. Masu shakka su ma suna da gaskiyar neman a yi gwajin a rufe. Na biyu shi ne wane rumbu zai riga ƙarewa. Tsohuwar ajiya raguwa take yi kullum, wannan babu musu. Sabuwar ƙira kuwa tana rataye ne a kan 'yan masana'antu a Rasha da Silobakiya da Sin da Amurka, waɗanda masu kaɗa jita ne suka fi riƙe kasuwarsu, ba masu sauraron faifai ba. Tun bayan sulhu da 'yan bindiga da Gwamnan Kaduna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, motoci sun ƙaru a hanya, saƙo ya fi saurin isowa, abin da ya ƙara wa masu sabuwar ƙira nauyi a sikeli. In masana'anta ɗaya ta sake rufewa kamar yadda Shuguang ta yi, sikelin zai koma ɗaya gefen.